Ƙarafa Uku a El Alto

A El Alto sanyi a haƙori yake kwana,
numfashi ma sai ka yi ciniki da shi.
Na lallaɓa motar yayana zuwa garejin Eleuterio,
tana tari kamar tsohuwar da ta kwana a waje,
ga lemu tan goma yana jirana a Caranavi.

Ya ciro famfon mai ya kwantar bisa benci,
ya cusa ganyen koka a kunci,
ya shimfiɗa tsumma mai ratsin ja da shuɗi,
ya jera ƙarafa uku.
Ya ce, Nemesia, ki duba kafin ki taɓa aljihu.

Na farko farantin mai ne, sabo fil a leda,
jirgin ruwa ya sauke shi a Iquique.
Wannan, in ji shi, wage wa inji baki yake,
gas ya kwarara kamar an fasa tulu.
A bakin teku ba mai shan gabanki.
Amma a nan, ina iskar da za ta ƙone shi?
Rabi ya zama ƙarfi, rabi ya bi salansa,
ki baɗe shanyar mutane da baƙin hayaƙi,
ki sayi zagi da kuɗinki.
Araha ce da shi, ita kuwa ba ta ado.

Na biyu sifirin ne, tagwaye, daga Brazil,
na matsa da yatsa, suka ƙi ni.
Su ke hana totur saduda da wuri,
inji ya yi ta kuka, allura ta haye ja.
Sai ya yi shiru, ya tofar da ganye.
Irinsu yayanki ya sa, ya ce,
na hana shi, ya kai wa wani.
Sauran na sani:
fistin ya narke a hawan La Cumbre,
lemu ya ruɓe a gefen hanya,
yau Fermin yana ɗinkin wanduna a São Paulo,
kowane wata yana aiko abin rage bashi.

Na uku ba leda, ba kwali, ba suna.
Bawul shida a gwangwanin madara,
ya ciro su daga motar wani mai haƙar kuza a Oruro,
mota ta mutu, su ba su mutu ba.
Ba za su ƙara miki doki ko ɗaya ba, ya ce.
Abin da suka iya shi ne rabo:
kowane nozul ya sami nasa,
a lokacinsa, ba ɗigo a baya.
Kuɗinsu ya ninka na farantin.
Na ce, tsoho ya fi sabo tsada?
Ya ce, da tsohuwar zuma ake magani.

Ya ɗaura famfon a injin gwaji.
Kwalabe shida siriri suka fara cika,
ta huɗu tana sauri, ta biyu tana nawa.
Ya juya sukudireba kaɗan, kamar mai sosa kunne,
ya sake, ya sake, har rana ta bar Illimani,
shida suka tsaya kafaɗa ɗaya.

Ranar Alhamis na hawo La Cumbre da kaya,
giya ta biyu, hazo yana lasar gilashi.
Na duba madubi: hayaƙina siriri, launin toka.
Sai ga wani yaro da sabuwar gingimari,
ya wuce ni da ruri, ya bar mini dare a fuska.
Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta bi shi,
ƙafata ta nemi totur.
Na tuna Fermin da keken ɗinkinsa.
Na buɗe taga hayaƙin ya fita,
ƙamshin lemu ya shigo daga baya.